KEKEN MILIYAN 19 A ZANGON DA AKE KARO-KARON LIKKAFANI

Yau wata magana zan taɓo wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman sa'o'ina 'ya'yan masu hali, to amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Maganar keke ce. E, keke dai da kuka sani mai taya biyu da feda da sarƙa. Duk wanda ke fita da sassafe ranar Asabar a ɓangaren Ikoyi da Victoria Island da Lekki, musamman kan gadar nan ta Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013, ya san ayarin masu kekunan tsere da ke wucewa da matsattsun kaya da hular kwano. A da Turawa ne da manajojin banki. Yanzu kuwa har da namu a ciki, 'ya'yan 'yan canji da na dillalan shanu da na masu tireloli. Hawan keke ba laifi ba ne, abin yabo ne ma ga matashin da ya zaɓi motsa jiki a kan zaman shisha. Rigimata da su a kan farashin abin da suke hawa ne, da kuma yadda ake alfahari da farashin a majalisa, a unguwar da idan baƙo ya mutu sai an zaga da faranti kafin a sami kuɗin likkafani.

Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa tukuna, domin wasu dattawan sun ɗauka wasa ake yi idan aka faɗi kuɗin. Kekunan da manyan 'yan tseren duniya ke hawa, irin su Pinarello Dogma da Specialized S-Works Tarmac da Trek Madone da Colnago, idan an haɗa su da kaya mafi tsada, guda ɗaya yana kamawa daga dala 12,000 zuwa 15,000. Mu ɗauki dala 13,000. A 2025 dala ta yi ta yawo ne a wajajen naira 1,500, ka ga ke nan naira miliyan 19 da rabi, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba, ba a sa hula da takalmi da riga ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi sama da shekara 23 bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗin keke guda. Kujerar Hajji daga jihohin kudu a 2025 ta ɗan haura naira miliyan 8 da dubu 700. Wato keken nan kujera biyu ce, har da canjin guzuri. Kai jama'a!

Domin adalci, bari in faɗi abin da ya sa suke da tsada, kada a ce ɗan goro ya shiga abin da bai sani ba. Gangar jikinsu da zaren kabon ake yin ta, mai ƙarfi kuma mara nauyi. Giyarsu da batir take canzawa, ka danna maɓalli kawai, irin Dura-Ace Di2 na kamfanin Shimano da ya shigo kasuwa a 2009. Sannan ana kashe maƙudan kuɗi wajen gwada yadda keken zai ratsa iska. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta kafa dokar cewa keken gasa kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, shi ya sa kamfanoni ke ta kokawar kusantar wannan adadi. Duk wannan yana da ma'ana ga mai shiga gasar Tour de France, wadda aka fara tun 1903, ake mako uku ana tafiyar sama da kilomita 3,000 ana hawan duwatsun Faransa. A gasar 1989 Greg LeMond ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal bayan duk wannan tafiya. A irin wannan wuri kowane giram yana da daraja.

To amma kai ɗan uwa, daƙiƙa 8 ɗin wa kake nema tsakanin Falomo da Lekki? Legas shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, babban tudun da za ka hau gada ce. Keken alminiyam mai kyau na wajen dala 1,000 nauyinsa kilo 9 zuwa 10 ne. Ka ga bambancin kilo 3 ne ka biya wa dala 12,000, wato dala 4,000 kowane kilo, naira miliyan 6 ke nan. A Mile 12 ko Oko-Oba wane kaya ne ake sayar da kilonsa miliyan 6? Kuma mafi yawan masu hawan nan idan suka rage tuwon dare da amala na wata biyu, za su sauke kilo 3 ɗin nan daga tumbinsu kyauta. Wani abin dariyar ma, shi Tadej Pogacar da ya ci gasar a 2020 da 2021 da 2024 da 2025 ba da kuɗin aljihunsa yake sayen keken da yake tsere da shi ba. Kamfani ne ke ba ƙungiyarsa domin talla, kai kuma da ka saya kai ne ka biya kuɗin tallan.

Yanzu bari mu bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, domin na sha jin su.

Na farko su ce domin lafiya ne, lafiya kuwa uwar jiki ce. Gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Amma ba ta ce sai a kan Pinarello ba. Zuciya da huhu ba su san farashin abin da ke ƙarƙashinka ba, abin da suka sani shi ne gumi. Hasali ma keke mai nauyi ya fi sa mutum aiki. Idan da tsadar keke ke kawo lafiya, da ɗan ga-ruwan da ke tura kura da jarka goma sha biyu bai fi mu ƙwarin jiki ba.

Na biyu, wanda shi ne babba, su ce kuɗina ne, halal ɗina ne, ban saci na kowa ba. A nan ne nake so mu tsaya mu yi wa juna gaskiya. Mu da ke zaune a Kurmi, dukiyar gidajenmu ba daga sama ta faɗo ba. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kakanninmu suka riƙa gangarowa da shanu suna hawa da goro, aka kafa Sabon Badun a 1916, zangon Agege da na Shagamu suka cika. Yaya aka yi kasuwancin nan ya tsaya da ƙafarsa a ƙasar da ba tamu ba, babu banki babu takarda? Da tsarin maigida da baƙo. Fatake su sauka a gidan maigida, ya ba su ɗaki da abinci kyauta, ya ajiye masu kuɗi, ya tsaya masu a wajen mahauta idan an ɗauki shanu bashi, in baƙo ya yi ciwo ya yi jinyarsa, in ya mutu ya binne shi ya aika wa danginsa da kayansa. Mahaifina ɗan goro ne, kuma har gobe yana faɗin cewa da ya sauka a Ikko ba shi da komai sai buhun kayansa, wani bawan Allah da ba su haɗa gari ba ya ba shi tabarma da huhun goro na farko a kan amana. Ku tambayi iyayenku, kusan kowa yana da irin wannan labari.

Saboda haka idan ɗan da aka haifa cikin wannan arziki ya ce kuɗina ne ni kaɗai, to a shari'a ba wanda zai kai shi kotu, amma ya manta tabarmar da aka shimfiɗa wa ubansa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dukiyar zango da bashi a wuyanta, kuma ba a biyan wannan bashi ga wanda ya ba ka, ya riga ya tafi, ana biyansa ne ga yaron da ya sauko daga bayan tirela jiya da daddare bai san kowa ba.

Kuma mu tuna mu baƙi ne, ko da an haife mu a nan. Mun ga abin da ya faru a Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, mun ga na Mile 12 a watan Maris na 2016, mun ga na kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021. Duk lokacin da irin wannan ta taso, wa ke biyan kuɗin asibiti, wa ke belin waɗanda aka kwashe, wa ke ɗaukar hayar motar da za ta mayar da mata da yara gida? Jama'a ce, da karo-karo. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a Satumbar wannan shekarar ta ƙara huɗu, aka riƙa kama babura ana murƙushe su. Kowa ya san yawan yaranmu da suka wayi gari babu sana'a, wasunsu da bashin babur a kansu. Ranar da wuta ta tashi, Allah Ya kiyaye, keken kabon ba zai ɗauki ko jariri ba, domin ko kariya ba shi da ita. Abin da zai cece ka shi ne mutanen da ka taɓa yi wa rana.

Na uku su ce ai na fitar da zakka, me kuma ake nema? Madalla, Allah Ya karɓa. Amma ga wani lissafi da ba a cika yi ba. Naira miliyan 19 da rabi idan ta shekara a hannunka ko a cikin jarinka, zakkarta kashi 2.5 cikin 100 ce, wato naira 487,500 duk shekara. Da ka mayar da ita abin hawanka na kanka, zakka ta faɗi, domin ba a fitar da zakka a kan abin da mutum ke amfani da shi. Ban ce da niyyar gudun zakka aka saya ba, Allah ne Masanin zukata. Amma sakamakon dai ɗaya ne, talakawan unguwa sun rasa kusan rabin miliyan a kowace shekara, ita kuma dukiyar tana jingine a falo tana rage daraja. Bayan haka, zakka ita ce ƙasan tsani. Malamanmu sun sha karantar da mu haƙƙin maƙwabci da hanin almubazzaranci, kuma babu malamin da ya taɓa cewa wanda ya ba da zakka an ɗauke masa waɗannan.

Na huɗu su ce ai muna yin hawan keke na taimako, muna tara wa marayu kuɗi. To a nan sai a buɗe littafi a gani. Idan mutum ashirin suka fito a kan kekunan da kuɗinsu ya haura miliyan ɗari, suka kai wa gidan marayu buhun shinkafa goma da katan ɗin taliya, aka yi hotuna hamsin aka watsa a Instagram, wa ya taimaki wa? Marayun ne suka taimaka masu da hoto. Akwai keke mai tsada da ya yi wa mabukata aiki na gaske. A 2009 Lance Armstrong ya hau wani Trek Madone da mai zane Damien Hirst ya ƙawata da fukafukan malam-buɗe-littafi, aka yi gwanjonsa a Sotheby's a kan dala 500,000, kuɗin suka tafi gidauniyar masu ciwon daji. Duk da cewa a 2012 an ƙwace wa Armstrong kambunansa bakwai saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, keken nan dai sayar da shi aka yi aka ba da kuɗin. Wanda ya shirya yin haka da nasa, ni ne zan fara yi masa shela a ƙofar masallaci.

Kada dattawanmu su ji daɗi su ce yaro ya faɗa masu gaskiya, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Alhajin da ke zagin ɗansa a kan keke, shi ne ke da jif uku a gareji alhali jikinsa ɗaya. Shi ne ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki na gasa, ya yi liƙi a wajen biki har mawaƙi ya rasa inda zai taka. Shi ne ke zuwa Umra duk shekara, makarantar allon da ke bayan gidansa kuwa rufinta na yoyo tun damina uku da suka wuce. Yaran nan a gida suka koya. Abin da ya sa keke ya tsone wa mutane ido shi ne an saba ganinsa abin hawan talaka, sai aka ji kuɗinsa ya fi na mota. Ciwon dai guda ne, son a gani a faɗa, kuma ya kama uba ya kama ɗa.

Akwai tambaya mai nauyi da wani zai yi mani, kuma ta cancanci amsa. Zai ce to ina iyaka? Kai ma kana da waya, kana cin nama, kana ɗinka shadda da salla, ai duk za ka iya bayarwa. Haka ne, kuma ba wanda ya ce mai hali ya koma sa tsumma. Addini bai hana jin daɗi ba. Amma malamai sun raba bukatun ɗan Adam gida uku, akwai larura, akwai bukata, akwai ƙawa. Keken dala 1,000 ga mai son motsa jiki bukata ce da ɗan ƙawa a ciki. Dala 12,000 da aka ɗora a kai ba ta ƙara masa lafiya, ba ta kai shi inda wancan ba zai kai shi ba, ba ta kawo masa ko sisi. Aikinta ɗaya, ta sanar da abokai cewa akwai su. Idan ƙawarka ta yi daidai da larurar gidaje hamsin da kake wucewa ta ƙofarsu kullum, to ka san ka wuce iyaka, ba sai an kira malami ya auna maka ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, kuma mafi yawansu daga can gida suke, inda iyayenmu suka fito.

Shi kansa keke ai abin rufin asiri ne idan ya faɗa hannun da ya dace. Kakanninmu da Raleigh da Phoenix suka yi fatauci, suka kai amare, suka kai marasa lafiya asibiti. Akwai wata ƙungiya, World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005 bayan ambaliyar tsunami ta 2004. Suna ƙera wani keke mai suna Buffalo, mai ƙwari, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, suna raba wa 'yan makaranta da ma'aikatan lafiya da manoma a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Kuɗin guda bai kai dala 200 ba. Keken ɗan uwanmu guda ɗaya zai sayi irinsu sama da 65. Ka ƙiyasta yara 65 da suka rasa acaɓa a ce kowa ya sami keken kai saƙo ko na tallan burodi. Wannan ma idan keke kake so ke nan. In ruwa ne, kuɗin zai haƙa rijiyar burtsatse fiye da ɗaya, kuma mun san Sayyidina Usman bin Affan rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa jama'a, ga shi sama da shekara 1,400 ana ambatonsa da ita.

Wanda kuma ya ce shi wasan ne yake ƙauna tsakani da Allah, to ga inda zai nuna. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a wannan gasa, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. 'Yar wasan ƙasa tana aro, masu tumbi suna yawon Asabar da na miliyoyi. Mai son wasa da gaske ya nemo yara biyar masu ƙafa a Agege ya saya masu matsakaitan kekuna ya ɗauki nauyin horonsu, mu ga ko ba za a sami zakara a cikinsu ba.

Hujja ɗaya ce tasu da na yarda tana da ƙarfi, ita ce idan an ba da kuɗi kwamiti ke cinyewa. Wannan ya faru a wurare da dama, kuma ya kashe wa masu bayarwa gwiwa. To maganinsa a gyara asusun. Kowane zango ya buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata, a manna takardar a bangon masallaci. A sa matasa masu boko a ciki, kada a bar wa fadar sarki ita kaɗai. Wanda bai yarda da kowa ba kuma, ai ya san hanyar asibiti, ya je da kansa ya biya wa wanda aka riƙe saboda kuɗin magani, ya san makarantar da yara ke zaune a gida saboda kuɗin jarrabawar WAEC. Ba a bukatar kwamiti kafin a yi wannan.

Shawarata ga sa'o'ina ita ce, ku ci gaba da hawan kekenku, Allah Ya ƙara lafiya. Wanda bai saya ba tukuna ya sayi matsakaici, ragowar ya san inda zai kai. Wanda ya riga ya saya, ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa duk naira ɗaya da zai ƙara kashewa a kan taya ko riga ko sabuwar giya, zai sa irinta a asusun jama'a. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai jif da mai liƙi da mai agogon miliyoyi, har da ni mai wannan rubutu gwargwadon abin da ke aljihuna. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, balle a ƙasar da ba ka da dangi sai wanda kuka haɗa sahu da shi.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, amma ya zo da lissafinsa kamar yadda na zo da nawa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa dukiyarmu ta zama hujja gare mu ranar gobe. Amin.

Wassalam. Naku, daga Agege, Legas.